Annoba ta ƙare, amma barci bai dawo wa malaman jinya ba

Fitilar_Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, na ga gara in kawo shi nan tunda yawancinmu aikin jinya muke yi, ko muna zaune da masu yinsa. Duk lokacin da annoba ta ɓarke, Ebola ce ko Lassa ko korona ko kwalara, ana ƙirga waɗanda suka kamu, da waɗanda suka rasu, da waɗanda aka sallama. Ranar da aka ce ta ƙare sai a rufe littafi. Amma abin da na lura da shi a abokan aikina shi ne, lokacin annobar kowa na tsaye, ana ta aiki ba ji ba gani. Sai da komai ya lafa, watanni suka shuɗe, sannan mutane suka fara sauyawa. Mai fara'a ta koma shiru. Wani ya zama mai saurin hasala, abu kaɗan ya hau majinyaci da faɗa. Wata ta roƙa a mayar da ita sashen da ba a kwantar da marasa lafiya, wata kuma ta ajiye aikin ɗungurungum.

Me ya sa abin yake jira sai an gama kafin ya fito? Kuma ciwo ne da ya kamata a nema wa magani, ko gajiya ce da hutu zai kawar?

Malam_Nas:
Wa alaikumus salam, Sista. Bari in faɗi abin da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba. Mutuwa ba baƙuwarmu ba ce a wannan aiki. Tun kafin a san korona muke rufe idon mamata, mu naɗe gawar jariri, mu wanke hannu mu wuce gado na gaba. Abin da ya bambanta lokacin annoba shi ne mutum ɗaya ya yi aikin mutum huɗu, a soke hutun shekara, a jera masa aikin dare ba sauyi, sannan alawus ɗin haɗari da aka yi alkawari ya maƙale. Duk wanda aka yi wa haka dole ya sauya. A ba shi hutunsa, a biya shi haƙƙinsa, a ɗauki ƙarin ma'aikata, ki ga ko ba zai dawo daidai ba. Tsorona shi ne, da zarar mun ce matsalar ƙwaƙwalwa ce, masu gudanar da asibitoci sun samu mafita. Za su kira taron bita na yini ɗaya a kan kula da kai, a ɗauki hoto a watse, jadawalin aiki kuwa yana nan yadda yake.

Ba_Suna:
Malam, da girmamawa, ni an ba ni hutun. Bai taɓa abin ba.

Wani dare a ɗakin da aka killace masu korona, tukunyar oksijin ɗaya ce ta rage da iska a ciki, majinyata biyu kuma suna haki, wani dattijo da wata matashiya. Na kira likita a waya, ya ce a sa wa matashiyar domin ita aka fi sa wa ran tashi. Ni na cire takunkumin iskar daga fuskar dattijon. Bai ce komai ba, ba shi ma da numfashin magana. Ya dai riƙe hannun rigar kariyata yana kallon gilashin da ke fuskata, gilashin kuwa gumi ya riga ya dusashe shi, ko idona bai gani ba. Kafin asuba ya cika. Matashiyar ta warke, an sallame ta. Na san hukuncin likitan daidai ne, da an tambaye ni shi zan yanke. Amma har yau in na ji ƙarar iska tana fita daga tukunya hannuna sai ya kama rawa, in ji wannan riƙon a rigata. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, shi ya sa na ɓoye sunana.

Tsohuwar_Ungozoma:
Allah sarki, 'yata. Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ke kuma ya yaye miki. Ba ke kika hana shi iska ba, wanda ya bar ɗaki da tukunya ɗaya shi ya hana shi.

Mai_Sauraro:
Ni a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa nake jinya, don haka bari in ɗan tsawaita. Malam_Nas da Ba_Suna ba abu ɗaya suke magana a kai ba, shi ya sa kowannensu yake da gaskiya a wurinsa.

Abin da Malam ya kwatanta shi ne ƙarewar ƙarfi saboda aiki: mutum ya tashi da gajiya ya kwanta da gajiya, zuciyarsa ta bushe ga majinyata, ya ji aikin ba ya da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11, a 2019, amma a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ba cuta ba. Maganinsa kuwa a wurin aikin yake, kamar yadda ya faɗa.

Abin da Ba_Suna ta kwatanta daban ne. Wani lamari guda ya riƙa dawo wa mutum ba da son ransa ba, a mafarki ko ido biyu, jikinsa ya amsa kamar yanzu abin ke faruwa. Ya riƙa kauce wa duk abin da zai tuna masa, wurin, ƙarar, warin kulorin. Ya zauna a ɗar-ɗar, ƙofa ta buga ya zabura. In wannan ya wuce wata ɗaya kuma yana hana mutum aiki ko zaman gida, shi ake kira PTSD. Ba zan ce ita ce ke damun ki ba, 'yar'uwa, tunda ba a tantance mutum ta saƙo, amma abin da kika faɗa ya isa a zauna da ke.

Akwai kuma wani rauni da ke cikin labarinki wanda ba tsoro ne ya kawo shi ba. Mutum ya aikata, ko a sa shi ya aikata, abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, ko ya ji waɗanda ke sama sun bar shi a wurin da babu zaɓi mai kyau. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jonathan Shay, ya bayyana shi a cikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, lokacin korona kuma aka ga ya dace da ma'aikatan asibiti sosai. Alamarsa jin laifi ne da kunya da fushi. Wannan ne hutu ba ya taɓawa, domin mutum da shi yake tafiya hutun.

Fitilar_Dare:
Na gode ƙwarai. To batun jinkirin fa? Shi ya fi ɗaure mini kai.

Bakin_Daga:
Sista, ni ban yarda jinkiri yake yi ba. Yana nan tun farko, ba mu da lokacin kallonsa ne kawai. Na yi aiki a cibiyar Ebola. Kayan kariyar nan, saboda zafi ba a so mutum ya wuce kusan sa'a ɗaya a ciki. In ka fito ka cire takalmin roba, gumi kake juyewa daga ciki. Kuma lokacin cirewar ne ya fi haɗari: kana tsaye hannuwa a ware, ana fesa maka kulorin, wani yana karanto maka mataki-mataki, ka san kuskure ɗaya, safar hannu ta taɓa gefen ido, ya isa. Daga nan ka fara ƙirga kwana 21. Kai ya sara maka, ka ce ta zo. Ka auna zafin jiki da safe, ka auna da yamma, ka tashi tsakar dare ka sake aunawa. Gobe ka koma ciki, ƙirgen ya dawo daga farko. Ba wanda yake barcin kirki a cikinmu, amma in ka tambayi mutum ya kake, sai ya ce lafiya lau. Da ka ce ba ka iya ba, wa zai shiga a madadinka?

Mai_Sauraro:
Duka biyun na faruwa. A cikin haɗari jiki yana zuba sinadaran da ke tsayar da mutum a kan ƙafarsa, hankali ya tattara a kan aikin da ke gabansa. Kuma akwai abin da ba a cika lura da shi ba: lokacin annoba kuna tare. Wanda ke gefenki ya ga abin da kika gani, ba sai kin yi bayani ba. Da an rufe cibiyar sai a watsa ku, kowa ya koma sashensa cikin mutanen da ba su shiga ba, ga tarin majinyatan da aka ɗage ganinsu suna jira. A lokacin da aka fi buƙatar tallafi, a lokacin ake janye shi.

Makaranci:
Akwai binciken da ya shafi wannan kai tsaye. Lokacin annobar SARS, wata cutar numfashi mai tsanani, a 2003, birnin Toronto na Kanada ya sha wahala, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu a ƙasar ma'aikatan lafiya ne. Robert Maunder da abokan aikinsa sun koma wurin ma'aikatan asibitocin Toronto tsakanin wata 13 zuwa 26 bayan annobar, suka kwatanta su da na birnin Hamilton inda ba a yi jinyar masu SARS ba. Na Toronto sun fi ƙarewar ƙarfi, sun fi damuwa, sun fi alamun firgici, wasu sun rage hulɗa da majinyata ko sun rage sa'o'in aiki. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya kare wasu: waɗanda suka ji an horar da su yadda ya kamata kuma asibiti ya tsaya musu, sun fi samun sauƙi. Wannan ya ƙarfafa maganar Malam_Nas ta wani gefen.

Na korona kuma, a Maris 2020 an wallafa bincike a kan ma'aikata 1,257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin, galibinsu malaman jinya. Kusan rabinsu na da alamun ciwon damuwa, kusan kashi 45 na da fargaba, kashi 34 ba sa samun barci. Malaman jinya da mata da waɗanda ke Wuhan sun fi jin jiki.

Likita_K:
Ɗan gyara, ɗan'uwa. Waɗannan alƙaluman na Sin daga takardar tambayoyi ne da mutum ya cika da kansa, kuma an tattara su a tsakiyar tashin hankalin, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Alama daban, cuta daban. In ka raba irin wannan takarda ga mutanen da ke cikin gobara, kusan kowa zai ce yana cikin fargaba, kuma daidai ne ya ji hakan. Mafi yawan mutanen da suka shiga mummunan yanayi suna farfaɗowa da kansu cikin makonni in sun samu barci da kwanciyar hankali da mutanensu. Ina faɗin wannan ne don kada ɗalibanmu su karanta su ɗauka duk wanda ya shiga ɗakin killacewa ya fito da ciwo. Aikinmu shi ne mu gano tsirarun da abin bai sake su ba.

Makaranci:
Haka ne, Likita. Shi ya sa ma na fi ba na Toronto nauyi, tunda shi bayan an gama aka yi shi.

Baban_Yara:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, maiɗakina ce nas. Ina so ku san mu ma na gida abin ya shafe mu. Lokacin korona in ta dawo daga aiki, a bakin ƙofa take tsayawa ta ce a riƙe yara. Ƙaramarmu ta taho da gudu da hannuwa a buɗe, ni kuma in cafke ta, tana kuka uwar tana kuka. Sai ta yi wanka ta jiƙa kayanta a ruwan bilic sannan ta shigo, kuma ɗaki daban take kwana. Ba don kanta take tsoro ba. Mahaifiyata na tare da mu, tana da ciwon suga, kullum maganarta ita ce in wani abu ya sami Mama ni na kawo. Yanzu shekaru sun wuce, amma har yau wanke hannu take yi har fatar ta tsage, kuma in yaro ya yi tari sau ɗaya ba ta runtsawa a daren. In na ɗauko maganar sai ta ce ba komai. Ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Tsohuwar_Ungozoma:
Baban yara, kada ka ce mata ta manta, kada kuma ka ce ai ya wuce. Ka ce mata na ga hannunki, na ga ba kya barci, ina nan duk ranar da kike son magana. Sannan ka rage mata aikin dare na gida. Mace ta yi jinya a asibiti, ta dawo ta yi jinya a gida, yaushe za ta ji nata ciwon?

Sista_Fari:
Abin da ya fi ƙona mini rai ba cutar ba ce, mutane ne. A talabijin ana ce mana jarumai, a layinmu kuwa maƙwabta sun hana yaransu wasa da nawa. Mai mota ya ga farin kaya ya wuce. Sai da na koma sa kayan gida in na fito, in canza a asibiti. Ka yini kana kwasar amai da jini na mutanen da ba ka sani ba, ka dawo a riƙa kauce maka.

Bakin_Daga:
Ki tuna da Salome Karwah ta Laberiya. Ebola ta kashe iyayenta, ita ma ta kamu ta warke, ta koma tana jinyar masu cutar, har mujallar Time ta sa hotonta a bango a cikin gwarazan shekarar 2014. A Fabrairun 2017 ta rasu bayan haihuwa, kuma iyalanta sun ce ma'aikatan asibiti sun yi ɗari-ɗarin taɓa ta saboda sun san ta taɓa yin Ebola. Wato mu kanmu ma muna ƙyamar junanmu. Kada mu ce ko jahilci ne na talakawa. Kaci Hickox nas ce 'yar Amurka, ta dawo daga aikin Ebola a Saliyo a Oktoban 2014, aka tsare ta a tanti a New Jersey alhali gwaji ya nuna ba ta ɗauke da cutar.

Malam_Nas:
Kiran jarumai ɗin nan ni ban taɓa son sa ba. Jarumi ba ya tambayar ina takunkumi, ba ya cewa na gaji. Da an lanƙaya maka sunan an rufe maka baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne korona ta kashe. Ku dubi faɗin tazarar nan. Ko gawarmu ba a ƙirga da kyau ba, balle a ƙirga masu rashin barci. Kuma a shekarar da aka keɓe wa malaman jinya da ungozomomi, 2020, abin ya fara.

Ɗalibar_Jinya:
Iyayena, ku yi haƙuri da tambayar yara. In an tura ni wurin mai cuta mai yaɗuwa kuma babu kayan kariya, in shiga ko in ƙi? Na karanta labarin Justina Ejelonu, wadda sabuwar ma'aikaciya ce a asibitin da aka kwantar da Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da Ebola Najeriya, a Legas a Yulin 2014, ta yi jinyarsa kafin a gane Ebola ce, ta rasu a Agusta, kwanaki kaɗan kafin Dokta Stella Adadevoh, likitar asibitin, ita ma ta rasu. Tun lokacin abin yake raina. In na ƙi shiga majinyaci ya mutu, ba zan yafe wa kaina ba. In na shiga na kwaso na kai gida, haka nan.

Fitilar_Dare:
Ƙanwata, ɗaliba ba ta da hurumin shiga irin wannan ɗaki ita kaɗai, wannan na farko ke nan. Na biyu, ba ki ƙi aiki ba in kin ce a kawo kayan kariya tukuna. Nas da ta kamu ta bar majinyata goma ba mai duba su. Ki faɗa wa shugabar sashe, ki rubuta a littafin rahoto da kwanan wata da lokaci. Wannan rubutun yana kare ki a ofis, kuma daga baya yana kare ki daga zuciyarki, domin za ki ga baƙi da fari cewa kin nema ba a ba ki ba.

Bakin_Daga:
A faɗa yana da sauƙi, Sista. In mai kwancen abokiyar aikinki ce fa? A Kenema ta Saliyo, Mbalu Fonnie ita ce shugabar malaman jinya na sashen Lassa, ita ta horar da yawancinsu. A Yulin 2014 Ebola ta kama ta, waɗanda ta horar su suka yi jinyarta har ta rasu, a watan nan kuma Dokta Sheik Umar Khan, likitan sashen, ya bi ta. A ƙasashe ukun nan, Gini da Laberiya da Saliyo, ma'aikatan lafiya sama da 800 suka kamu, sama da 500 suka rasu, kuma malaman jinya da mataimakansu sun fi rabin waɗanda suka kamu. Sa wa wanda kuka ci abinci tare jiya ƙarin ruwa, ka san yana sane da ma'anar kowace alama a jikinsa, wannan babu littafin da ya koyar da shi.

Abu_Sabir:
'Yan uwa, ina ganin mun yi nisa ba mu ambaci babban magani ba. Rai da ajali a hannun Allah suke. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya bar wa Allah sauran, zuciyarsa za ta natsu. Ba_Suna, ki yawaita addu'a, dattijon nan kwanansa ne ya ƙare.

Ba_Suna:
Malam, na yarda da ƙaddara, kuma ina addu'a, har shi dattijon ina sa shi. Ita ce ta riƙe ni zuwa yau. Amma a kan sallaya ma hannun yana rawa. In aka ce mini ƙarancin tawakkali ne sai nauyin ya zama biyu.

Abu_Sabir:
Ba haka nake nufi ba, 'yar'uwa. Neman magani ma umarni ne. A haɗa biyun.

Mai_Sauraro:
Tunda an zo batun magani, akwai abubuwa biyu da nake roƙon shugabannin sashe su kiyaye. Kada a tara ma'aikata washegarin mummunan dare a ce dole kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla. An daɗe ana yin haka da kyakkyawar niyya, amma bincike bai nuna yana hana PTSD ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar yinsa ba. Abin da ta fitar a 2011 shi ne taimakon farko na zuciya: ka duba wa ke cikin hali, ka saurare shi in yana son magana ba tare da ka matsa masa ba, ka haɗa shi da abin da yake buƙata, ko da abincin dare ne ko hanyar kiran gida.

Na biyu, maganin barci. Mu ne masu riƙe da makullin kabad, kuma mun san sunan kowace ƙwaya. Diazepam da 'yan uwanta suna sa barci a daren farko, amma a ƙa'idojin hukumar na 2013 an ce kada a ba da su don firgici ko rashin barci a watan farko bayan mummunan lamari, kuma jiki yana saurin sabawa da su. Na ga ma'aikatan kirki da suka fara da rabin ƙwaya.

Ɗan_Lab:
Gaskiya ne wannan. Kuma ba wanda ke faɗa, don kowa ya san kowa.

Sista_Fari:
Ai matsalar ke nan. Ku ce in je in ga likitan ƙwaƙwalwa. A ina? A asibitin da nake aiki? Mai ciro kati ya san ni, mai ba da magani ya san ni, kafin in fito labari ya kai sashenmu. Gobe in na yi kuskuren da kowa ke yi, a ce ai dama kanta ba daidai yake ba.

Likita_K:
Wannan tsoron ya yi kisa. Dokta Lorna Breen ita ce shugabar sashen gaggawa a wani asibiti a New York, ta kamu da korona, ta warke ta koma aiki, a Afrilun 2020 ta kashe kanta. Iyalanta sun ce tana tsoron in aka san ta nemi taimako za ta rasa lasisinta. A Maris 2022 aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta a Amurka don tallafa wa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. Shawarata, Sista_Fari, a nemi wanda ba ya aiki a asibitinku, ko ta waya ne. Ƙungiyoyin malaman jinya su ya kamata su shirya wannan, asibiti kaza ya riƙa duba ma'aikatan asibiti kaza. Kuma duk wanda ke karanta wannan yana jin gara a ce ba ya raye, kada ya jira wani tsari. Ya gaya wa mutum ɗaya da ya yarda da shi yau, a raka shi wurin likita.

Ɗan_Lab:
Kada a manta da masu shara da masu ɗaukar gawa da direbobin motar asibiti. Su ke naɗe zanin gadon, su ke rufe jakar gawa, kuma in an zo rabon kayan kariya su ne na ƙarshe. Ba sa cikin kowane bincike da na taɓa cika wa takarda.

Ba_Suna:
Mai_Sauraro, in shekaru sun wuce, lokaci bai ƙure ba? Kuma me za a yi mini a can? Ba na son a ɗora ni a kan ƙwaya.

Mai_Sauraro:
Bai ƙure ba, ana samun sauƙi ko bayan shekaru masu yawa. Kuma maganin da aka fi ba da shawara a kai ba ƙwaya ba ne, zama ne da wanda aka horar, galibi sau ɗaya a mako na 'yan watanni. Akwai wanda ake kira CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, mai fuskantar abin da ya faru, akwai EMDR, wanda ake haɗa tuna abin da motsa idanu. A na farkon za ku bi daren nan a hankali, da saurin da za ki iya, har jikinki ya koyi cewa ƙarar tukunya ta yau ba ta wannan daren ba ce. Za ku kuma duba hukuncin da kika yanke wa kanki: me ke hannunki a lokacin, me ba ya hannunki. Makonnin farko kan yi nauyi, gara ki san da haka tun yanzu don kada ki tsaya a tsakiya. Ki turo mini saƙo ta gefe in nuna miki yadda ake gane wanda ya samu wannan horon.

Baban_Yara:
Ni ma zan turo, in an yarda. Zan fara da abin da Mama Ungozoma ta ce.

Malam_Nas:
Ba_Suna, labarinki ban da abin cewa a kansa, Allah ya ba ki lafiya, ki je ki ga masanin. Amma ina nan a kan bakata game da sauran. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da giɓin malaman jinya miliyan 5.9, kuma wannan lissafin kafin korona ne. Kowace nas da ta ajiye aiki, nauyinta a kan wadda ta rage yake sauka, ita ma ta kama hanyar fita. Za a yi wa Ba_Suna magani ta warke, a mayar da ita ɗakin da tukunya ɗaya ce a ciki. Sista Fitila, ke da kike zama a taron shugabanni, in an kawo maganar mai ba da shawara ki karɓa, amma ki tambaye su nas nawa za su kwana a ɗakin killacewa in wata ta ɓarke, kuma wa zai canje su.

Fitilar_Dare:
Zan tambaya, Malam. Sai dai wadda ta koma shiru a sashena ba za ta iya jiran a ɗauki ma'aikata ba, kuma na kira ta ofis ta ce lafiyarta lau. Waɗanda suka taɓa shugabantar sashe, in ma'aikaciya ta ce ba komai alhali kina gani, kina sake kiran ta ne, ko kina tura mata wadda suka yi aikin killacewar tare?